Tsara Filayen Jama'a a Tsakiyar Gari: Nazari a Kan Riko da Jibiya

1.0 Gabatarwa

Kowane gari na ƙasar Hausa, babba ko ƙarami, yana da wasu filaye waɗanda ba su cikin gadon kowa, kuma kowa yana da haƙƙin amfani da su. Daga cikinsu akwai dandali da kasuwa da filin Idi da tashar mota da filin makaranta da maƙabarta. Yayin da gari ke bunƙasa, waɗannan filaye sukan wayi gari a tsakiyarsa, darajarsu ta ƙaru, idon masu hali ya koma kansu. A nan ne ake fuskantar tambaya mai nauyi: shin a yanka filin a sayar, ko a gina masa shaguna, ko kuwa a sake fasalinsa domin ya ɗauki motoci da ofisoshi da sauran abubuwan da jama'a ke bukata?

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ake tsara irin waɗannan filaye, tare da ɗaukar yankin Riko da Jibiya, a kan iyakar Nijeriya da Nijar, a matsayin abin misali. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa filin jama'a amana ne, wanda idan ya kuɓuce da wuya ya dawo, don haka wajibi ne awo da shawara su riga gini.

2.0 Ma'anar Tsara Gari

Tsara gari shi ne shirya yadda za a yi amfani da ƙasa tun kafin a ɗora mata gini, ta hanyar keɓe wa kowace bukata muhallinta: nan gidaje, nan kasuwa, nan hanya, nan magudanar ruwa. Sake fasalin fili kuwa shi ne a ɗauki wurin da aka daɗe ana amfani da shi, wanda ya tsufa ko ya yi wa jama'a kaɗan, a sauya masa tsari. Na biyun ya fi na farko wahala, domin kuwa ba a kan fegi ake aikin ba. Akwai masu rumfuna da direbobi da maƙwabta waɗanda abincinsu ya rataya a wurin.

3.0 Tsarin Gari a Gargajiyar Bahaushe

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawa ne suka koya wa Bahaushe tsara gari. Idan muka dubi tsofaffin birane, za mu ga fada a tsakiya, da fili a ƙofarta inda ake taro da hawan salla, kamar yadda Ƙofar Soro take a birnin Katsina. Kusa da nan akwai masallacin Juma'a da kasuwa. A Kano, tarihi ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa kasuwar Kurmi. Masu sana'a kuma kowa da unguwarsa, shi ya sa ake samun sunaye irin su Marina da Majema da Maƙera.

Abin da ya fi dacewa da darasinmu shi ne zango. A zamanin fatauci, ayarin raƙuma da jakuna ba ya kutsawa cikin gari kai tsaye. Madugu yakan sauke ayarinsa a zango, inda ake da ruwa da wurin ɗaure dabbobi, daga nan a riƙa shigar da kaya kasuwa kaɗan-kaɗan. Wato ke nan magabata sun gano cewa abin hawa mai ɗaukar kaya masu nauyi wurinsa gefen gari. Tirela ita ce raƙumin wannan zamani, kuma hikimar zango ba ta tsufa ba.

4.0 Dokokin da Suka Shafi Filaye

Tsara gari a rubuce ya shigo ne da mulkin mallaka, ta hanyar dokar garuruwa ta 1917 da dokar tsara birane da karkara ta 1946. A yau akwai dokoki uku da ya kamata ɗalibi ya sani.

Ta farko ita ce dokar amfani da ƙasa ta 1978. Wannan doka ta damƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Filayen da aka ayyana a matsayin na birni gwamna ne ke kula da su, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke bayar da izinin amfani da su bisa al'ada. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili idan bukatar jama'a ta tilasta, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka a wurin.

Ta biyu ita ce tsarin mulkin 1999. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a cikinsu har da kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a da maƙabartu, da gina magudanan ruwa da kwashe shara.

Ta uku ita ce dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88 ta 1992. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka hukumar tsara birane ta jiha ce ke amincewa da taswirar gini a biranen jihar.

Abin lura a nan shi ne, fili guda yana iya zama ƙarƙashin hukumomi uku. A garin kan iyaka, kwastan da jami'an shige da fice na gwamnatin tarayya ne, ƙasar tana hannun gwamna, tasha da kasuwa kuma na ƙaramar hukuma ne. Idan waɗannan ba su zauna tare ba, sai kowa ya ja nasa gefe, talaka ya kwana a ciki.

5.0 Yankin Riko da Jibiya

Riko ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Jibiya a jihar Katsina, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Kaduna a 1987. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutum kusan 170,000. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Katsina, ta wannan yanki ta bi zuwa mashigar iyaka ta Magama, ta tsallaka Ɗan Isa a jamhuriyar Nijar, ta zarce Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kuma akwai auratayya da cinikayya tsakaninsu tun kafin a shata iyaka. Hatsi da dabbobi da kayan masarufi suna kai da komowa, kuma ranar kasuwar Jibiya mutanen Riko da sauran garuruwan kewaye sukan hallara da motoci da babura da amalanke.

Akwai abubuwa huɗu da suka faru a wannan yanki waɗanda duk mai tsara fili ya kamata ya riƙe su.

Na farko, rufewa da buɗe iyaka. Gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sannan aka buɗe a watan Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe, manyan motoci sukan yi jerin gwano a bakin hanya, daga baya harka ta mutu. Idan aka buɗe kuma sai cunkoso ya dawo.

Na biyu, ambaliya. A watan Yulin 2018 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Jibiya cikin dare, ya halaka mutum fiye da 40, ya rusa ɗaruruwan gidaje.

Na uku, matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun tilasta wa mutanen ƙauyuka da dama yin gudun hijira zuwa cikin gari, kamar yadda mutanen Shimfiɗa suka yi a 2022, kuma gine-ginen gwamnati, musamman makarantu, su ne suka zama mafakarsu.

Na huɗu, jirgin ƙasa. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka shata ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tarihi ya nuna cewa duk inda aka kafa tashar jirgi, farashin fili yakan tashi, kasuwa ta bi ta. Isowar jirgi Kano a 1911 ita ce ta haifar da bunƙasar cinikin gyaɗa da faɗaɗar garin a wajen ganuwa.

Daga waɗannan za mu fahimci cewa bukatar fili a garin kan iyaka ba ta tsayawa a wuri guda. Tana hawa tana sauka kamar ruwan gulbi.

6.0 Lissafin Wurin Ajiye Motoci

Mutane da yawa ba su san girman filin da mota ke ci ba. Ƙaramar mota tana bukatar wuri mai faɗin kimanin mita 2.5 da tsawon mita 5, wato murabba'in mita 12.5. Idan aka haɗa da hanyoyin shiga da fita da juyawa, masu tsara birane sukan ƙiyasta murabba'in mita 25 zuwa 30 ga kowace mota. Ke nan motoci 100 za su cinye murabba'in mita 2,500 zuwa 3,000, wato rubu'in hekta ɗaya ko fiye da haka, domin hekta murabba'in mita 10,000 ce.

Tirela kuwa tsawonta yakan kai mita 16 zuwa 18. Idan aka ware mata wuri mai faɗin mita 3.5 da tsawon mita 20, an sami murabba'in mita 70, wurin juyawa kuma yakan kusan ninka wannan. Saboda haka tirela ɗaya tana cin wurin ƙananan motoci kamar biyar. Tireloli 50 za su bukaci murabba'in mita kusan 7,000, daidai da filin ƙwallon ƙafa guda, wanda tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa kuma mita 68.

Wannan lissafi yana koya mana abubuwa uku. Da farko, ba hikima ba ce a ba manyan motoci filin tsakiyar gari. Kamata ya yi a yi musu zango a gefen babbar hanya, kusa da wurin binciken kwastan, tare da ruwa da makewayi da masallaci da wurin abinci. Na biyu, filin cikin gari a bar wa motocin fasinja da babura da masu kafa uku, waɗanda ke tsayawa na ɗan lokaci su wuce. Na uku, ba a auna tasha da ranar da ta fi kowace cika a shekara, domin sauran ranaku za ta zauna fayau. Abin da ya fi shi ne a yi fili mai daɓe wanda zai ɗauki motoci ranar kasuwa, sauran ranaku kuma ya zama wurin taro ko rigakafi ko wasan yara.

Masanin tsara birane ɗan Amurka, Donald Shoup, ya wallafa littafi a 2005 inda ya nuna cewa babu wurin ajiye mota na kyauta a haƙiƙa, domin idan mai motar bai biya ba, jama'a ne ke biya ta hanyar asarar fili da cunkoso. Wannan gaskiya ce a nan gida ma. Kuɗin shiga tasha halal ne ga ƙaramar hukuma, amma da sharaɗin a bayar da rasit, a kuma ga amfaninsa a shara da fitilu da gyaran lambatu. Idan direba ya biya bai ga komai ba, gobe a bakin titi zai yi lodi.

7.0 Gine-ginen Amfanin Jama'a

Bayan motoci, filin tsakiyar gari yana bukatar wasu gine-gine da ba su kawo riba kai tsaye, amma rayuwa ba ta kyau sai da su. Akwai makewayi na maza da na mata daban-daban, da famfo ko rijiyar burtsatse, da ƙaramin asibiti, da ofishin 'yan sanda, da ɗakin taro da ɗakin karatu, da wurin tara shara. Haka kuma akwai hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta iya bi, da magudanar ruwa, da bishiyoyi domin inuwa.

Waɗannan su ne abubuwan da ake fara sokewa idan kwaɗayin shaguna ya shigo. Za a ga an tsara kasuwa da hanyoyi masu faɗi, bayan shekaru kaɗan an tsuga rumfuna a kan hanyar, an gina shago a kan lambatu, an mayar da makewayi ɗakin ajiya. Sai ranar da gobara ta tashi ko ruwa ya sauko a gane illar. Gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021, da ambaliyar da ta lalata kayan 'yan kasuwa a Kantin Kwari na Kano a daminar 2022, sun isa su tuna mana cewa hanya da magudana ba filin banza ba ne.

8.0 Darasi Daga Kano da Maraɗi

A Kano, a zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, an yanka wasu filayen gwamnati aka gina shaguna, ciki har da kewayen filin Idi na Ƙofar Mata. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rusa gine-ginen, bisa hujjar cewa filayen na jama'a ne. Masu shagunan suka garzaya kotu, kuma a watan Satumban wannan shekara Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin jihar ta biya su diyyar naira biliyan 30, kafin daga bisani a yi sulhu a kan adadin da bai kai haka ba. Ba hurumin wannan littafi ba ne ya ce wane ne mai gaskiya. Darasin shi ne, asara ta hau kowa: ɗan kasuwa ya rasa jarinsa, gwamnati ta biya daga baitulmali, filin kuma ya daɗe cikin ɓaraguzai. Da an yi shawara a fili tun farko, bisa taswirar da kowa ya gani, da abin bai kai haka ba.

Maraɗi kuwa misali ne na daban. Tsohon garin yana cikin kwari ne a bakin gulbi. Bayan ambaliyar 1945, hukumomin Faransa suka mayar da garin kan tudu, suka shata tituna masu faɗi a miƙe. Ko da yake an yi wannan ne da ikon mulkin mallaka, ba da shawarar talakawa ba, faɗin titunan ya amfani garin lokacin da ya zama babbar cibiyar kasuwanci. Filin da aka bari jiya shi ne ya ɗauki cunkoson yau.

9.0 Matakan Sake Fasalin Fili

Idan ƙaramar hukuma ta ƙuduri aniyar sake fasalin tasha ko kasuwa, akwai matakan da ya kamata ta bi.

(a) Awo da tantance mallaka. Safiyo ya auna filin, a kafa duwatsun iyaka, a yi masa takarda da sunan hukuma.

(b) Ƙidaya. A ƙirga motoci da babura da 'yan tebur, ranar kasuwa da sauran ranaku, da rani da damina.

(c) Duba hanyar ruwa. A tambayi dattawan gari inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, domin ruwa ba ya manta hanyarsa.

(d) Shawara. A zauna da hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai, da ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kasuwa da mata masu sayar da abinci, waɗanda sau da yawa akan manta da su.

(e) Taswira da amincewar hukumar tsara birane, sannan a manna ta inda kowa zai gani.

(f) Matsuguni na wucin gadi da diyya kafin a taɓa rumfar kowa, tare da rubuta sunayen masu rumfuna na asali domin su fara samun sababbi.

(g) Tanadin kuɗin kulawa, domin ginin da ba a gyarawa kango ne mai jiran lokaci.

10.0 Matsayin Malami

Mai yiwuwa ɗalibi ya ce me ya haɗa malamin Hausa da tsara gari? Amsar ita ce, filin makaranta yana cikin filayen jama'a da aka fi ci. Makarantar da aka gina a bayan gari shekaru 40 da suka wuce, yau tana tsakiyarsa, kuma idan ba ta da katanga da takarda, sai a wayi gari an kafa shago a kusurwa, an yanke hanya ta filin wasa. Malamin da ya san doka zai iya jan hankalin shugaban makaranta da kwamitin iyaye su nemi awo da shinge tun da wuri.

Bugu da ƙari, batun yana da amfani a cikin aji. Malami zai iya sa ɗalibai su zana taswirar garinsu, su rubuta insha'i a kan ranar kasuwa, su tattaro kalmomin tasha irin su kamasho da lodi da yaron mota, ko su yi muhawara a kan ko ya dace a fitar da tasha bayan gari. Ta haka yaro zai tashi da sanin cewa abin gwamnati nasa ne.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tsara gari tsohuwar al'ada ce ga Bahaushe, kuma dokokin zamani sun ɗora amanar filaye a wuyan gwamna da ƙaramar hukuma. An kuma ga cewa yankin Riko da Jibiya yana fuskantar sauye-sauye da suka haɗa da rufe iyaka da ambaliya da gudun hijira da aikin layin dogo, waɗanda ke nuna bukatar fili mai iya ɗaukar amfani iri-iri. Manyan motoci wurinsu zango, tsakiyar gari kuma ta mutane ce. Shago ana iya gina shi cikin wata guda, amma filin da aka rasa a tsakiyar gari sai da rusau da shari'a da diyya ake maido shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Auna Fahimta

1. Bayyana dangantakar da ke tsakanin zangon fatake da tashar manyan motoci ta yau.
2. Kawo ayyuka biyar da jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma.
3. Idan kowace ƙaramar mota tana bukatar murabba'in mita 25, motoci nawa rabin hekta za ta ɗauka?
4. Tattauna yadda rufe iyaka da buɗe ta ke shafar bukatar fili a garin kan iyaka.
5. Zana taswirar tsakiyar garinku, ka nuna filayen jama'a da ke ciki, ka kuma yi bayanin halin da kowannensu yake ciki.